Ƙwannafi da maganin tarin fuka: yadda na kai ƙarshen wata shida

Ni tela ne, kuma duk wanda ya san sana'armu ya san a sunkuye muke yini a kan keke. Ranar da sakamakon gwajin kaki ya nuna ina da tarin fuka, tarin nake tsoro. Ashe cikina ne zai fi ba ni wuya.

Kilona 58 a lokacin, don haka aka yanka mini ƙwaya huɗu kullum da safe. Kowace ƙwaya magani huɗu ne a dunƙule: rifamfisin, isoniyazid, firazinamid da itambutol. Wata biyu ana shan wannan, sannan a koma kan biyun farko har wata huɗu. Kyauta ake bayarwa a asibitocin gwamnati. Ban cika sati biyu ba na fara jin kamar an ajiye mini garwashi a ƙahon zuci. Gyatsa mai tsami, tashin zuciya da hantsi, in na yi ruku'u a sallar isha'i sai wani ruwa mai ɗaci ya taso mini har maƙogwaro. Kwana biyu na ɓoye maganin a aljihun keke ban sha ba. Da na koma karɓar na gaba, nas ɗin ta ƙirga ƙwayoyin da suka rage, ta ɗago ta kalle ni.

"Malam, ina na kwana biyu suka tsaya?"

Na gaya mata gaskiya. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce ƙwannafi yana da dabara, amma in na riƙa tsallake kwanaki, ƙwayar cutar za ta iya koyon jure maganin, kuma maganin wannan nau'in ya fi wahalar da jiki. Abin da zan faɗa a nan, rabi daga bakinta na samo, rabi kuma cikina ne ya koya mini.

Fara da gyara lokaci. An fi son a sha maganin nan ciki ba komai, domin abinci, musamman mai maiƙo, yana rage yawan abin da ke shiga jini. Kuskurena shi ne ina watsa huɗun gaba ɗaya da kurɓi biyu na ruwa bayan asuba, in koma in kwanta. Kada ka yi haka. Ka haɗiye su ɗaya bayan ɗaya da cikakken kofin ruwa, ka zauna a miƙe ko ka ɗan taka, kada ka kwanta sai bayan aƙalla rabin awa. Ni sai na mayar da lokacin na karatu da share shago. In awa ɗaya ta cika sai in karya. Wanda kuma tashin zuciya ya hana shi sakat, ya faɗa a asibiti. Sukan yarda a sha da ɗan abu marar maiƙo, kamar yankan burodi ko koko kaɗan, wasu ma a mayar musu da shi dare kafin barci. Shan sa da ɗan abinci ya fi amayar da shi nesa ba kusa ba.

Sai maganar da ta fi muhimmanci a wurina, wato abin da kake sha don kashe ƙwannafin. Mahaifiyata da ta ga halin da nake ciki sai ta jiƙa mini kanwa. "Sha wannan, ɗan nan, da shi muka tashi." Gaskiya tana kwantar da zafin nan take, amma gishiri ne da ita sosai, kuma babu mai iya auna maka ƙarfinta a kofi. Na bar ta. Daga nan na koma farin maganin ruwan nan na kemis da ake kaɗa kwalbarsa kafin a sha, ina korawa da shi daidai lokacin da na haɗiye ƙwayoyin. Nan ma ɓarna nake yi ban sani ba. Irin waɗannan magunguna suna ɗauke da sinadarin alminiyam ko magniziyam, kuma sukan riƙe wani ɓangare na maganin tarin a cikin hanji, ya fita bai yi aiki ba. Ka ga mutum yana shan magani kullum amma rabin aiki yake samu. Ƙa'idar ita ce a raba su da aƙalla awa biyu. Ni don in huta da lissafi, na ce ba na taɓa shi sai bayan azahar. Wannan ƙa'ida ta fi tsanani ga masu shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su sifuro ko doksisaikilin, domin su har madara da ƙwayar ƙarin jini ba a haɗa su da su a lokaci guda.

A wata na biyu likita ya rubuta mini omefirazol, ƙwaya ɗaya kafin cin abinci. Ya rage zafin, sai dai bai ɗauke shi duka ba, kuma akwai dalili. Rifamfisin yana sa hanta ta riƙa saurin narkar da magunguna da yawa, har da omefirazol. Saboda haka kada ka ƙara wa kanka yawansa, ka koma ka yi bayani. Wannan halin nasa ya shafi ƙwayar tazarar haihuwa da wasu magungunan ƙanjamau ma, don haka duk abin da kake sha, ka zube shi a gaban likita tun ranar farko.

Abinci kuwa, kowa da cikinsa. Ni abokan gabata guda huɗu ne: ƙosai da yaji da safe, shayi mai kauri na mai shayin bakin layinmu, goro, da lemon kwalba. Goron ya fi yi mini wuyar bari, don da shi nake raba dare a ɗinkin sallah. Kunun tsamiya da zoɓo ma sun tayar mini, amma kunun gyaɗa marar tsami ya zauna lafiya. Tuwon shinkafa da miyar kuka ko kuɓewa, in an rage attaruhu da mai, bai taɓa damuna ba. Abin da ya fi canza mini rayuwa shi ne raba cin. Maimakon in cika tumbi sau biyu, sai na koma ci sau biyar kaɗan-kaɗan, da dafaffen ƙwai ko ayaba ko dankali a tsakani. Mai tarin fuka yana buƙatar ya mayar da jikinsa, don haka kada tsoron ƙwannafi ya sa ka zauna da yunwa. Madara mai sanyi tana yaudara: ta kwantar da zafin na ɗan lokaci, can kuma ya dawo.

Ga wani abu da babu wanda ya faɗa mini, ni na gano. In na ci abincin rana na koma kan keke nan take, zafin sai ya ninka, saboda sunkuyo yana matse ciki. Sai na sauya tsarin aiki. Bayan cin abinci, yanka nake yi ko guga, a tsaye, sai bayan awa ɗaya in zauna ɗinki. Tazugen wando ma na sassauta shi.

Dare shi ne fagen daga. Abincin dare na dawo da shi daidai bayan magariba, don a samu kamar awa uku kafin kwanciya. Tara filo ba ya magani, sai ma ya lanƙwasa ka ya ƙara matse cikin. Gadon ake ɗagawa. Na sa bulo ɗaya-ɗaya a ƙarƙashin ƙafafun gado na wajen kai, ya tashi kamar santimita 15. Kwanciya a gefen hagu ta fi hana ruwan tasowa, saboda yadda tumbi yake zaune a jiki. Nakan fara da dama in yi addu'ata, sannan in juya.

Wajen sati na shida gwiwoyina da idon sawu suka fara ciwo, wanda aikin firazinamid ne. Wani mai kemis ya haɗa mini dikilofenak da ibufurofen a ƙulli guda, na sha kwana uku. Ban taɓa jin ciwon ciki irin na wannan satin ba. Waɗannan magunguna suna cin bangon tumbi, kuma mai ƙwannafi ba shi da abin da zai nema a wurinsu. Ko farasitamol ma ka tambaya tukuna, tunda hantarka tana ɗauke da kaya. Haka jiƙe-jiƙen gargajiya da 'yan dubiya ke kawowa da kyakkyawar niyya. Ka karɓa ka yi godiya, ka ajiye. Giya kuwa babu ita sam.

Yanzu ka buɗe kunne, don ba kowane ciwon ciki ne ƙwannafi ba. Uku daga cikin magungunan nan huɗu suna iya taɓa hanta, kuma farkon alamarsa yana kama da ɓacin ciki na yau da kullum. Fitsari ya koma ja-ja kamar ruwan lemo, wannan rifamfisin ne, ba komai, har zufa da hawaye yakan rina. Amma in farin idonka ya koma rawaya irin na shawara, ko amai ya ƙi tsayawa, ko sha'awar abinci ta ɗauke gaba ɗaya, ko kana jin ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kada ka sha na gobe sai likita ya gan ka, kuma a ranar za ka tafi. Haka in ka yi aman jini, ko bayan gida ya fito baƙi kamar kwalta, ko abinci ya fara tsaya maka a ƙirji. Gudawa ta kwana ɗaya, ruwan gishiri da sukari ya isa. In ta wuce kwana biyu, ko da jini, ko da zazzaɓi, asibiti za ka nufa, kada ka sayi wani maganin kashe ƙwayoyin cuta ka ɗora a kai. Matata ce take duba mini ido kullum da safe a bakin ƙofa, inda haske yake, don ni ba na gani da kaina.

Da aka sauke ni zuwa magani biyu a wata na uku, cikin ya yi sauƙi sosai, har na koma shan shayi marar kauri. Gwajin kaki na ƙarshe ya fito babu komai, kilona ya kai 65. Goro dai na koma ci, ɓari ɗaya bayan la'asar. Bulon nan biyu kuwa suna nan ƙarƙashin gado, domin da matata ta samu ciki ƙwannafi ya kama ta, ta ce kada wanda ya taɓa mata su.