Yadda ake bambance wuƙar matasan Hitler ta gaske da ta jabu

Daga 1933 zuwa 1942 maƙeran garin Solingen na Jamus sun ƙera wata 'yar wuƙa mai baƙin mariƙi don yaran ƙungiyar matasan Hitler. Jamusawa na kiranta Fahrtenmesser. Yaro ɗan shekara goma kan samu izinin rataya ta bayan ya ci gwajin shiga ƙungiya. Yanzu masu tara kayan yaƙin duniya na biyu suna nemanta, 'yan jabu kuma ba su yi barci ba. Sirrin duka ɗaya ne: dole alamomin jikinta su yarda da juna a kan shekarar da aka yi ta.

Fara da ruwan wuƙar. Na farko-farko suna ɗauke da taken "Blut und Ehre!", wato jini da daraja, a rubutun da aka ci da sinadari. A 1938 aka daina sa shi. Don haka in ka ga wannan take a wuƙar da aka buga wa 1940, mayar wa mai ita abarsa. Taken yana ƙara kuɗi, shi ya sa ake cusa shi inda ba gurbinsa ba. Karkata ruwan a hasken taga, za ka ga siraran layukan wasan masana'anta sun gitta shi. Wadda aka goge da inji tana sheƙi kamar madubi, layukan sun tafi.

Sai ka juya bayanta, nan ne aikin yake. Tsofaffin suna da tambarin maƙeri kawai: kurege na Carl Eickhorn, hular ƙarfe ta WKC, tsuntsaye biyu baki da baki na Robert Klaas, sau da yawa da "Ges. Gesch.", wato doka ta kare wannan ƙira, a kusa. Daga baya ofishin jam'iyyar Nazi da ke Munich mai kula da kayan sawa, RZM, ya ba kowane maƙeri lamba mai farawa da M7. Eickhorn M7/66 ne, WKC M7/42, Klaas M7/37, Hörster M7/36, Puma M7/27. Akwai na tsakiyar zamani, wajen 1936 zuwa 1938, masu tambari da lamba tare. A irin waɗannan ka gwada su biyun. Kurege da lambar WKC a wuƙa ɗaya ba ya bukatar dogon bincike. Na ƙarshe kuwa lamba ce da shekara, babu take.

Na uku, ɗauko maganaɗisu ka ɗora a ƙarfen mariƙi. Na farkon ƙarfe ne da aka yi wa ruwan nikal, zai kama. Na shekarun yaƙi yawanci tutiya ce, ba ta kamawa, kuma za ka ga ruwan da aka shafa mata ya yi ƙuraje yana ɓarewa. Muni ne, amma munin da ke ba da shaida.

Na huɗu shi ne ɗan tambarin ja da fari da aka dasa cikin mariƙi. Ni nan nake daɗewa. Bayan yaƙi Solingen ta ci gaba da ƙera wuƙa mai wannan siffa don 'yan sikawut, da tambarin fure a gurbin. Ɗan jabu sai ya ciro furen ya manna na Nazi. Danna shi a hankali da babban yatsa. Na asali da 'yan ƙafafun ƙarfe aka riƙe shi ta ciki, shi ya sa yakan ɗan motsa. Wanda ya ƙame ƙam, ga busasshen gam a gefe, abin tuhuma ne. Duba kan ƙusoshi biyun mariƙin ma, ko akwai sawun guduma.

Kube ba ya cin lokaci: ƙarfe ne mai baƙin fenti da maratayin fata. Sunsuna fatar. In tana ƙamshin sabon takalmi, an canza ta.

Kafin ka biya, nemi hotuna na kusa da rubutaccen alkawarin maido da kuɗi. Ka san dokar inda kake da inda za a aiko ta. A Jamus sashe na 86a na dokar laifuka ya hana baje alamar Nazi a fili, shafin cinikin intanet na eBay ma ba ya karɓar irin wannan kaya. Ka tuna ƙungiyar da ta rataya wa yara wuƙar ita ce ta tura su filin daga a 1945. In ta zo hannunka, kada ka wasa ta, kada ka sake fentin kube. Shafa mata ɗan man keken ɗinki, ka ajiye ta inda ba danshi.