Yadda za ki gyara indomie ta zama abincin kirki

Na san yawancin gidaje nan Sakkwato in an gaji indomie ake dafawa, to ki gyara ta ko don yara.

Da farko in za ki shago ki haɗo da ƙwai biyu da kifin gwangwani ɗaya, ki duba kwanan watan lalacewa a jikin gwangwanin, in ya kumbura ki bar musu abinsu. Kabeji da karas da albasa kuwa wajen mai kayan miya, albasa ai tamu ce, kar ki yi rowarta.

Ki yanka su ƙanana, ki soya sama-sama da mai cokali ɗaya, sai ki zuba ruwa ya tafasa ki sa taliyar.

Nan ne wurin da na fi damuwa, garin magin cikin ledar rabi kawai za ki sa, gishiri ya yi masa yawa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, ga hawan jini ya yi yawa cikin mutane.

Ki tsiyaye man kifin, ki zuba kifin cikin taliyar, ki fasa ƙwan a kai, ki rufe minti 2. In da zogale dafaffe ki watsa.