Darasi na 7: Yadda Ake Ɗanɗana Baƙin Shayi Mai Ƙamshi

Da yawanmu muna shan shayi kullum amma ba mu taɓa tsayawa mun ji ɗanɗanon ganyen kansa ba, sukari da madara ne ke cika baki, shi kuwa shayin launinsa kawai muke gani. To a wannan darasin za mu koyi abin da masu sha'awar shayi suke yi, wato mutum ya zauna da kofi ɗaya ya bi shi a hankali har ya iya cewa wannan ƙamshin na ganyen ne, wancan kuma ƙara masa aka yi. Kayan aikin hanci ne da harshe, kuma kowa yana da su.

Ku fara sanin cewa baƙin shayi da koren shayi duk daga tsiro ɗaya suke fitowa, sunansa Camellia sinensis. Bambancin a wajen sarrafawa ne. Idan baƙi ake so, sai a tsinko ganyen a baza shi ya yi yaushi, a murza shi, a bar shi iska ta shige shi har ya rine ya yi duhu, sannan a busar. Ƙasar da aka noma shi ma tana da tasiri sosai, na Asam a Indiya yana da ƙarfi da nauyi a baki, na tsaunukan Siri Lanka bai kai shi nauyi ba, na Kenya kuma da ka zuba ruwa nan da nan yake yin ja.

Shi ƙamshin da ake ƙarawa ba hanya ɗaya ake bi ba. Wanda ya fi suna a duniya shi ne Earl Grey, man ɓawon wani irin lemo ake fesa wa ganyen, lemon sunansa bagamot kuma yawancinsa a Kalabiriya ake noma shi, can kudancin Italiya. Sunan shayin daga Charles Grey ya samo asali, wanda ya yi firaministan Birtaniya daga 1830 zuwa 1834. A Indiya kuwa masala chai suke yi, su dafa ganyen da citta da kirfa da kanumfari da masoro, shi wannan dama da madara aka san shi. Sai Lapsang Souchong na lardin Fujiyan a ƙasar Sin wanda a kan hayaƙin wani itace da ake kira fayin ake busar da shi, wani yana shinshinawa zai ce a'a shi kam ba zai iya ba, wani kuma daga ranar ya kamu da sonsa kenan.

Yanzu ga aikin. Ku ɗebo sabon ruwa, ba wanda ya kwana a buta ana ta maimaita tafasa shi ba. Ya tafasa sosai, baƙin shayi yana son zafin digiri 95 zuwa 100. Ƙaramin cokali ɗaya na ganye, kamar giram 2 kenan, ya isa kofi mai cin mililita 200. Ku zuba ruwan a kan ganyen ku rufe kofin da faranti, don ƙamshin bin tururi yake ya gudu, sai ku duba agogo, minti 3 zuwa 5, ku tace. Kar ku sa sukari ko madara tukuna, don Allah ku daure, ko da kurɓa uku na farko ne.

Kafin ku sha, ɗaga farantin nan ku shinshina gumin da ya taru a ƙarƙashinsa, a nan ƙamshin ya fi fitowa fili. Bari shayin ya ɗan huce don harshen da ya ƙone ba ya jin komai. Sai ku ɗebo a cokali ku zuƙe shi tare da iska har ya yi ƙara, haka ƙwararrun masu ɗanɗana shayi a kamfanoni suke yi, ba rashin ladabi ba ne a nan, iskar ce ke watsa shayin ko'ina a baki ta kai ƙamshin bayan hanci. Ku gwada toshe hanci da yatsu ku kurɓa, za ku ji ɗumi da ɗan ɗaci kawai, kuna sakin hancin sai lemon ko kirfar ta taso muku lokaci ɗaya.

Bayan kun haɗiye ku ɗan jira. Wannan baurin da ke kama harshe da dasashi daga sinadarin tanin yake, kaɗan ɗinsa shi ne daɗin baƙin shayi, in ya yi yawa har baki ya bushe to ganyen ya daɗe a ruwa ne, gobe ku rage minti ɗaya. Ni a wajena shayi mai ƙamshi na kirki shi ne wanda za ka ji abu biyu, ƙamshin ya zo da farko sannan ganyen ya biyo baya ya zauna a harshe. Wanda kana buɗe kwalinsa ƙamshi ya cika ɗaki kamar an fasa kwalbar turare amma a baki ka ji ruwa salam, wannan an rufe raunin ganyen ne da ƙamshi, kuma wallahi ni ba na ba kowa shawarar ya sake sayensa.

Ganyen shayi yana zuƙar warin duk abin da ke kusa da shi, don haka a gwangwani mai murfi za ku ajiye, nesa da rana da danshi da sabulu, kowane iri da gwangwaninsa. Masu ƙarancin jini kuma su bar tazarar kamar awa ɗaya tsakanin abinci da shayi saboda tanin yana rage yadda jiki ke ɗaukar sinadarin ƙarfe.

Aikin gida: ku samu baƙin shayi zalla da kuma mai ƙamshi iri ɗaya, ku haɗa su a kofi biyu, ruwa ɗaya, yawan mintuna daidai da juna. A littafinku ku rubuta kwanan wata da sunan kowanne da mintin da ya yi a ruwa, sannan kalma uku-uku kan abin da hanci ya ji da abin da harshe ya ji. Ku taho da littafin aji na gaba, kowa zai karanta nasa.