Kurakuran masu zuwa kallon tsuntsayen ci-rani a tafkunan gaɓar tekun Ghana

Wanda ke zaune a Ashaiman ko Tema, tafkin Sakumono na bayan gidansa. Yana cikin dausayi biyar na bakin teku da Ghana ta sa ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta duniya kan kare dausayi a 1992, tare da Keta, Songor, Muni-Pomadze da bakin kogin Densu. Matasanmu sun fara zuwa kallon tsuntsaye, abin farin ciki, amma da yawa sukan dawo suna cewa babu komai sai balbela. Galibi ba laifin tafkin ba ne.

Kuskure na farko shi ne lokaci. Mun saba da shamuwa, mai zuwa ƙasar Hausa da faɗuwar damina, sai a ɗauka duk baƙon tsuntsu haka yake. Baƙin tsuntsayen tafkunan nan kuwa daga can ƙuryar arewacin duniya suke, Girinlan da Siberiya da arewacin Turai. A watan Yuni da Yuli suna can suna ƙyanƙyasa. Sukan fara sauka nan a Agusta da Satumba, su yi rani, su juya a Maris zuwa Afrilu. Ka je tsakanin Nuwamba da Janairu, lokacin da ruwa ya ja baya laka ta fito. 'Yan tsirarun da za ka gani a Yuni yawanci ƙanana ne da ba su isa aure ba. Kada ka rubuta cewa suna sheƙa a nan.

Sai ruwa. A bakin teku cikowa da janyewa ne ke tsara ranar tsuntsu: ruwa ya janye su bazu kiwo, ya ciko su taru wuri ɗaya su huta. A cikin tafki kuwa ruwan sama ya fi tasiri, kuma a Densu in an saki madatsar Weija laka kan nutse gaba ɗaya. Tambayi masunta kafin ka fito, sun fi kowa sani.

Wanda ya fi damuna shi ne matsawa kusa. Akwai wani ɗan tsuntsu fari-fari da littattafai ke kira sanderling, mai bin igiyar ruwa da gudu in ta koma, ya caki yashi sau biyu ko uku, ya juyo a guje kafin ta sake zuwa. Nauyinsa kusan na ƙwan kaza ne, amma waɗansu da aka sa wa alama a gaɓar Esiama da ke yammacin Ghana an same su a Girinlan, tafiyar fiye da kilomita 7,000. Duk tashin da ka sa garke ya yi don hoto da waya, kitsen komawa gida ne ka ƙone musu. Lura da su: in suka daina caka, suka miƙe wuya, suka fara takawa nesa da kai, ka riga ka wuce iyaka. Ja da baya, zauna ƙasa, ka bar madubin hangen nesa ya yi maka tafiyar. Haƙuri kan kawo su gabanka da kansu.

Akwai kuma dogara da launi. Hoton littafi sau da yawa launin gashinsu na lokacin aure ne, ja da baƙi, alhali nan a toka-toka suke zuwa, ga hazon hunturu. Dubi baki: gajere ne, miƙaƙƙe, ko ya lanƙwasa ƙasa? Dubi tsawon ƙafa da salon kiwo. Ka sa rana a bayanka, in ba haka ba inuwa kawai za ka gani. Kuma ba kowa ne baƙo ba. Zakaran ƙeƙuwa ɗan gida ne.

Wajen ƙidaya, kada ka bi ɗaya-ɗaya. Ƙirga goma, ka riƙe girman gungun a ido, ka auna sauran da shi. Abin da ba ka gane ba, rubuta "ban tantance ba", domin masu ƙidayar tsuntsayen ruwa ta watan Janairu da manhajar eBird ta tattara bayanan tsuntsaye da irin bayananmu suke aiki. In ka hango zobba masu launi a ƙafa, rubuta jerinsu daga sama zuwa ƙasa, hagu daban dama daban, da rana da wurin, ka kai wa jami'an kula da namun daji.