Babi na Biyar: Abincin Ruwa-ruwa ga Wanda Aka Yi wa Aikin Hanji

Iyaye da 'yan'uwa, sannunku da ƙoƙari. Wannan babin na masu jinya ne, waɗanda aka sallamo musu mara lafiya aka ce ruwa-ruwa kawai zai sha. An fi jin wannan bayan aikin hanji, misali idan taifot ta huda hanji aka ɗinke, ko hanji ya tsuke har abinci mai ƙarfi ba ya wucewa. Likita ne zai ce a fara, shi ne kuma zai ce a daina. Wanda kalma ta gagare shi ya tambayi na kusa da shi, ai don haka muka taru.

Darasi na 1: Ruwa-ruwa iri biyu ne

Na farko shi ne garau. Idan kun zuba a kofin gilashi za ku hango yatsanku ta bayansa: tafasasshen ruwa, shayi marar madara, romon kaza da aka kwashe mansa. Wannan ba ya riƙe mutum, 'yan kwanakin farko ne kawai. Na biyu shi ne mai kauri, irin su kunu da koko da madara. A kansa za mu daɗe.

Ruwan gishiri da sukari yana cikin na farko. Ga awo: ruwa lita 1, wato ledar fiyawata 2. Sukari ƙaramin cokali 6. Gishiri rabin ƙaramin cokali. Ƙaramin cokali shi ne na shayi, kuma a shafe bakinsa da wuƙa, kada a tula. Abin da ya kai awa 24 a zubar, a haɗa sabo.

Darasi na 2: Garin kunun da ke gina jiki

Kunun gero zalla yana cika ciki, amma ba ya warkar da ɗinki. Jiki na neman wake, gyaɗa, madara ko ƙwai kafin nama ya haɗe. Ku ɗauki gwangwani guda ku auna komai da shi: gero 6, waken soya 3, gyaɗa 1.

A surfa geron, a wanke, dusar ta fita tas. A jiƙa waken soya ya kwana, a murje ɓawonsa, a shanya ya bushe. A soya kowanne daban a kasko ba mai. Waken soya sai ƙamshinsa ya tashi, don ɗanye yana kumbura ciki. A murje jan ɓawon gyaɗar a sheƙe. A haɗa a kai niƙa, a tankaɗe.

Dahuwa: babban cokali 4 na garin, a dama da ruwan sanyi, a zuba cikin tafasasshen ruwa kofi ɗaya da rabi. Kofi a nan rabin ledar fiyawata ne. A yi ta juyawa a ƙaramar wuta minti 10. A sa man gyaɗa ƙaramin cokali 1 da ɗan sukari. Idan da ƙwai, a kaɗa shi a zuba tun kunun na kan wuta, ya dahu sarai.

Idan ya yi kauri kada ku ce bari a tsuge shi da ruwa. Nan ne mara lafiya ke ramewa alhali yana sha dare da rana, don ruwa yake sha mai launin kunu. Ku tanadi garin geron da aka bari ya tsira aka shanya aka niƙa. A sauke kunun, ya ɗan huce kaɗan, a barbaɗa ƙaramin cokali 1, a juya, a jira 'yan mintoci. Za ku ga ya tsinke da kansa. A mayar wuta ya sake tafasa.

Darasi na 3: Tacewa

To, ku natsu a nan. Ko da sauran babin ya ɓace muku, wannan kada ya ɓace.

Tankaɗe daban, tacewa daban. Gari ake tankaɗewa kafin dahuwa, kunu ake tacewa bayan dahuwa. Yin na farko ba ya ɗauke muku na biyu. Hanjin da aka ɗinka yakan kumbura, hanyarsa ta ragu. Guda-guda, dusa, ɓawon wake, zaren lemu, duk suna iya taruwa a wurin su toshe.

Ku samu rariya mai ƙananan idanu, ko farin ƙyalle da aka tafasa aka shanya. A ɗora kan kwano mai tsabta. A zuba kunun da zafinsa, a juya da cokali a hankali. Abin da ya tsaya a sama kada a danna shi da ƙarfi don ya wuce, a ba masu lafiya. A wanke rariyar, a sake tacewa. Sau biyu ke nan.

Gwaji: ku ɗiga kaɗan tsakanin babban yatsa da manuniya, ku murza. Kun ji tsaki-tsaki? A sake tacewa. Bai wuce ba sai ya yi sumul.

Mu maimaita tare: a dafa, a tace, a sake tacewa, a murza a yatsa. Romo ma a tace. Ruwan lemu da na kankana a tace. Kabewa da karas da aka dafa aka markaɗa, a tace. Kunun da aka sa wa ƙwai, shi ne ma ya fi buƙata. Idan kun yi kuskure ranar farko ku sake tacewa, hannu zai saba.

Amma masu cewa "ai na tankaɗe garin" ku ji tsoron Allah. An faɗa, an maimaita, an rubuta a allo. Wanke rariya minti nawa ne? Gara wannan wahalar da a koma ɗakin tiyata. Haka masu zuwa dubiya da fura da tsire, suna cewa loma ɗaya ba ta kisa. Ku karɓa, ku yi godiya, ku ajiye nesa da shi. Kunya ba ta shiga nan.

Darasi na 4: Lokaci da yawa

A fara da rabin kofi, duk bayan awa 2 ko 3, sau 6 zuwa 8 a yini. Ya sha a zaune, kurɓi-kurɓi, kada ya kwanta nan take. Idan ciki ya karɓa a ƙara zuwa kofi guda. A riƙa sauyawa, kunu, romo, madara, ruwan 'ya'yan itace. Kunun da ya wuce awa 2 a ajiye sai an sake tafasa shi. An tace kuwa?

Darasi na 5: Abin da za a bari

Barkono, yaji, kanwa, lemon kwalba, jiƙe-jiƙe. Madarar shanu sai an tafasa. Idan madara na sa shi gudawa a dakata. Mai ciwon sukari ya tambayi likita kafin a sa sukari.

Darasi na 6: A koma asibiti

Amai kore. Ciki ya kumbura ya yi tauri. Ba bayan gida, ba fitar iska. Zazzaɓi. Jini ko baƙin bayan gida. Fitsari ya ragu sosai. Ko ɗaya aka gani a tafi, kada a jira gari ya waye.

Aikin gida: ku rubuta awon garin kunu a littafinku. Gobe kowa ya zo da rariyarsa.