Rufin kwano a Yamai: kurakuran da aka fi yi kafin damina

Masu gini da ke ganin hotunan gidajen Kanada ko na tsaunukan Faransa kan tambaya ko su ma su sa waɗancan ƙananan ƙarafa da ake jerawa a kan rufi, kusa da baki. Aikinsu shi ne tare dusar ƙanƙarar da ta taru, kada ta zame gaba ɗaya ta faɗo wa mai wucewa. Dusar ƙanƙara ba ta sauka a Yamai, don haka sa su asarar kuɗi ce, ga ƙarin huji a kwano. Abin da ke cin rufi a nan shi ne guguwar da ke tasowa daga gabas idan hadari ya haɗo, da ruwan da ke biyo bayanta, daga Yuni zuwa Satumba.

Kuskure mafi tsada shi ne ɗaure kwano a jikin katako ko ƙarfen IPN (dogon ƙarfe mai siffar harafin I da ake ɗora rufi a kai), a bar shi kansa katakon zaune kawai a kan bulo. Iska ba danna rufi take yi ba, ɗaga shi take yi, shi ya sa ake wayar gari a tarar da rufin ɗaki sukutum a gidan maƙwabci, ƙusoshinsa duk suna nan daram. Gyaran yana farawa tun lokacin zuba kankaren da ke zagaye saman bango: a dasa ƙarfe mai kaurin milimita 6, a bar jelarsa waje kamar santimita 50, a naɗe kowane katako da ita. IPN kuma a yi masa walda da ƙarfen da aka dasa. Tsohon gida ma yana gyaruwa, a huda bango ƙasa da jeri biyu ko uku na bulo, a zura ƙarfen a ɗaure. Jera bulo da tsofaffin tayoyi a kan kwano ba ɗauri ba ne. Bulon yana riƙe laima har kwano ya yi tsatsa, taya kuma gidan sauro ce, ranar da iska ta fi ƙarfinsu su ne za su faɗo a kan mutane.

Sai ƙusa. Wasu kafintoci suna buga ta a cikin kwarin kwano don ta fi saurin shiga, alhali nan ne hanyar ruwa. A tudu ake bugawa, da ƙusa mai hula da roba a ƙarƙashinta, kuma a tsaya da zarar robar ta kwanta. Idan tudun ya lotsa, an wuce gona da iri. A bakin rufi da kusurwoyi da ƙoli ne iska ta fi fizga, to a nan ake ninka ƙusa, kada a yi rowa. Kwanon alminiyum kuma ba ya shiri da baƙin ƙarfe: idan za ku kasuwar Katako, ku nemi ƙusa ko ƙugiya mai rufin zinki, in ba haka ba wurin hujin zai cinye ya faɗaɗa.

Wajen jeri, kwano ya hau ɗan'uwansa da tudu ɗaya da rabi a gefe, a tsawo kuma santimita 15 zuwa 20. Idan gangaren yana kallon kudu ko arewa, a fara jeri daga yamma a nufi gabas, don bakin haɗin ya ba guguwa baya. Gangare kada ya gaza santimita 10 zuwa 15 a kowace mita. Da yawa suna kwantar da rufi don ya ɓuya a bayan rawanin bango, gida ya yi kama da mai dal, wato rufin kankare, sai iska ta riƙa tura ruwa baya ta cikin haɗi.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba: binne bakin kwano a cikin simintin rawani. Alminiyum mai tsawon mita 6 yana miƙewa kusan milimita 6 idan zafinsa ya ƙaru da digiri 40, kuma tsakanin asuba da azahar a watan Afrilu hakan ba abin mamaki ba ne. Yau miƙewa gobe tsukewa, siminti ya tsage, yoyo ya bi bango. A lanƙwasa wani falle a rufe haɗin, sama a cikin bango, ƙasa a sake a kan kwano.

Lissafin ruwa mai sauƙi ne: milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Rufi mai murabba'in mita 100, idan aka yi ruwan milimita 50 a dare guda, ya zubar da lita 5000, wato duro 25. Bututu mai faɗin milimita 100 bai kamata ya ɗauki fiye da murabba'in mita 80 ba, saboda haka irin wannan rufin biyu yake so. Magudanar bakin rufi ta gangara milimita 5 a kowace mita. A gidan ƙasa, indararo ya fito aƙalla rabin mita daga bango, a aza dutse inda ruwan ke dira don kada ya ci gindin gini.

A watan Mayu a hau a kwashe ƙurar hunturu da ganyen dogon yaro da ledojin da suka toshe bakin bututu. A hau da sassafe kafin kwano ya ɗauki zafi, a kuma taka kan layin ƙusa, inda katako yake a ƙasa.