Yadda za ka haɗa tattali da kiwon kaji ka biya bashin gida kafin wa'adi

Mutum zai ci bashin banki ya sayi gida, ya ji biyan wata-wata na cizonsa, sai ya ce bari ya zuba kaji su taimaka. Shekara ta zagayo, kajin suna nan, ana cin ƙwai, bashin kuwa ko gezau. Na ga haka wajen mutane da dama, kuma kusan kullum matsalar ɗaya ce: kuɗin da aka rage a cefane ba ya kaiwa banki, a hanya yake narkewa. Don haka ba daga akurki za mu fara ba.

Fara da takardar bashin. Ɗauko ta ka duba yadda ake raba abin da kake biya tsakanin uwar kuɗi da kuɗin ruwa. A ce bashin 100,000 ne, ko wane irin kuɗi, ruwa kashi 6 cikin ɗari a shekara, wa'adi shekara 30. Duk wata za ka biya kusan 600. A watan farko 500 daga ciki ruwa ne zalla, abin da ya taɓa uwar kuɗin bai cika 100 ba. Idan ka bi wa'adin har ƙarshe, ruwan kaɗai ya haura 115,000, wato ya fi bashin kansa. To ƙara 100 kacal duk wata a kan uwar kuɗi: za ka gama a kusan shekara 21, ruwan da ka tsira da shi ya kusa 40,000. Ƙarin da aka yi a shekarun farko shi ne mai ƙarfi, na shekarun ƙarshe ba ya rage komai sosai.

Kafin ka tura ko kwabo, je bankin ka yi tambaya uku. Akwai tara ga wanda ya biya da wuri, ko iyakar abin da za a iya ƙarawa a shekara? Ta yaya za a rubuta cewa ƙarin nan na uwar kuɗi ne? Wasu bankunan in ba ka faɗa ba sai su ajiye shi a matsayin biyan wata mai zuwa, ka yi ta murna alhali ruwa na tafiya yadda yake. Sannan ƙarin zai rage wa'adi ne ko zai rage biyan wata? Ka ce wa'adi. Wanda ya sayi gidansa ta tsarin da babu ruwa a ciki ya tambayi nasa sharaɗin: a tsarin haɗin gwiwar da kake sayen kason banki a hankali, saurin saye yana rage hayar da kake biya, amma inda aka yanke farashi tun farko rangwamen yana hannun banki.

Abu biyu suna gaba da wannan ƙarin. Duk wani ƙaramin bashi da ruwansa ya fi na gida, shi za ka fara kashewa. Sai ajiyar kuɗin wata uku na ko-ta-kwana, domin kuɗin da ya shiga bashin gida ba ya fitowa ranar da rufi ya fara yoyo.

Yanzu kajin. Shida sun isa gida ɗaya, kuma ni ban yarda sabon shiga ya wuce haka ba. Sayi waɗanda suka kai mako 16 zuwa 18, masu shirin fara ƙwai, waɗanda aka gama yi wa rigakafi, musamman na cutar Newcastle. 'Yan tsaki sun fi araha a ido, amma wata biyar za ka yi kana ciyar da su, ga ɗumama su a makonnin farko, babu ƙwai ko ɗaya, wasu kuma su mutu. Zakara ba dole ba ne, kaza na yin ƙwanta ba tare da shi ba, shi dai ci da cara.

Akurki ne inda kuɗi ke fara zubewa. Mutum ya ga hoto a intanet, ya kira kafinta, a yi fenti, a sa tagogi, kuɗin ƙwan shekara uku ya tafi tun kaza ba ta shiga ba. Tsohon katako da ragowar kwanon rufi sun wadatar. Abin da kaza ke so: busasshen wuri, iska ta sama, sandar kwana, akwatin ƙwai ɗaya ga kaji huɗu, da filin da bai gaza murabba'in mita ɗaya ga kaji uku ba. Wuri ɗaya ne ban yarda a yi rowa ba, wajen raga. Sayi mai ƙarfi mai ƙananan idanu, ka binne gindinta a ƙasa, ka rufe ƙofa duk magariba. Dare ɗaya ya ishi kare ko muzuru.

Sai lissafi, kuma nan ne masu farawa ke yin lissafin dokin Rano. Kaza mai ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a rana, kaji shida kenan kilo 20 zuwa 22 a wata. A ganiyarsu za su ba ka ƙwai kusan biyar a rana, wajen 140 a wata. Rataya littafi a jikin akurkin, ka rubuta kowane buhu da ranar da aka buɗe shi, da ƙwan kowace rana. Ƙarshen wata ka cire kuɗin abinci daga abin da ƙwan zai ci maka a kasuwa. Abin da ya saura shi ne ribarka, kuma ba shi da yawa, kada wani ya ruɗe ka. Idan buhu yana ƙarewa kafin lokacinsa, leƙa ƙarƙashin mazubin: za ka tarar da abincin a watse cikin shimfiɗa, ko kashin ɓera a gefen buhu. Ɗaga mazubin zuwa tsayin bayan kaza, kada ka cika shi ya wuce rabi, buhun kuma a sa shi cikin durom mai murfi. Ragowar abincin gida ƙari ne kawai. Wanda ya maye gurbin abincin kaji da shi don tsimi zai ga ƙwai ya ragu, ɓawon ya yi laushi, saboda kaza mai ƙwai tana bukatar furotin kusan kashi 16 cikin ɗari da sinadarin kalsiyam mai yawa.

Ga matakin da komai ya rataya a kai. Ranar da ka fitar da lissafin wata, a ranar za ka tura ribar banki, da rubutu cewa ta uwar kuɗi ce. Ƙwan da kuka ci a gida ma a biya kuɗinsa, a cire daga kuɗin cefane kamar a kanti aka saya. Uwargida za ta yi dariya da farko, amma in ba haka ba rarar sai ta koma katin waya. Haka za ka yi wa duk wani tattali: ka daina biyan wata tashar kallo, ka tura kuɗin, wutar lantarki ta sauko, ka tura bambancin, an ƙara albashi, rabin ƙarin ya tafi kafin gida ya saba da shi. Mai karɓar albashi duk mako biyu ya biya rabin kuɗin wata kowane karo, in banki ya amince, rabi 26 ya zama biya 13 a shekara.

Sauran ba wuya. Ruwa mai tsabta kullum, haske awa 14 zuwa 16 in kana son ƙwai ya ɗore, sabuwar kaza a ware ta mako biyu zuwa huɗu. Lokacin da suke sake gashi ƙwai zai tsaya, ba ciwo ba ne. Kashinsu a bar shi ya ruɓe wata shida kafin a zuba wa shuka. Bayan shekara ta biyu ƙwai na raguwa amma ci ba ya raguwa, sai a sayar ko a yanka a kawo sababbi. Duk wata uku kuma ka karɓi takardar banki ka tabbatar uwar kuɗin ta sauka daidai da abin da ka tura.